Babi na Shida: Mai Gilas da Marar Gilas

Kowa ya san dokar kasuwa: abin da ya yi ƙaranci shi ke tsada. To me ya sa a wajen masu sha'awar hotrod, wato tsofaffin motocin Amurka da ake tuɓe wa kaya a ƙara musu gudu, motar da aka ƙera 'yar kaɗan take raɓe a gefe, wadda aka ƙera ninkinta kuma ita ake rububi? Tambayar takan taso idan aka nuna wa mutum hoton Ford biyu 'yan shekarar 1932. Kowacce ƙofa biyu gare ta, kowacce rufinta tamfol ne mai naɗewa, injinsu ɗaya, shasinsu ɗaya. Sai a ce masa wannan sunanta rodsta, waccan kabriyole, kuma ta farkon ita ce sarauniya. Zai sake duban hoton da kyau, ya rasa abin da ya raba su, balle abin da ya fifita ɗaya a kan ɗaya.

Amsar tana da tsawo, sai ta ratsa hamadar Kalifoniya kafin ta iso filin gwanjon yau. Amma daga ƙofar mota za mu fara.

## Dubi ƙofa

Ƙofar rodsta siririya ce, babu gilas a cikinta, babu hannun murɗa gilas. Samanta a lanƙwashe yake, daidai inda direba zai ɗora gwiwar hannunsa. Idan hadari ya taso, sai ya tsaya ya ɗaga tamfol, ya zaro waɗansu labulaye masu 'yar taga ya maƙala su a gefe da maɓallai. Labulen zai tare abin da ya iya na ruwan, ragowar kuwa a cinyar mai mota zai sauka. Gilashin gaba ma ɗora shi aka yi: a kan sanduna biyu yake tsaye, an ɗaure su da noti, duk mai sifana zai kwance shi gaba ɗaya kafin shayi ya huce.

Ƙofar kabriyole tana da kauri, domin gilas yana shiga cikinta yana fitowa. Firam ɗin gilashin gabanta a haɗe yake da bodi tun daga masana'anta, kamar na mota mai rufin ƙarfe. Tamfol ɗinta ya fi nauyi, kuma an yi shi ne ya zauna daram a kan gilasan nan uku. In an rufe ko'ina, ruwa da sanyi suna waje, mutum yana ciki da rigarsa a bushe. Duk motar zamani da ake naɗe wa rufi, wadda ake gani a finafinai, jikar kabriyole ce.

Bambancin ke nan gaba ɗaya: gilashin ƙofa, da ginshiƙan gilashin gaba. Duk abin da zai biyo baya a wannan babi daga waɗannan biyun ya tsiro.

## Wa ya saye su sababbi?

A ranar 31 ga Maris, 1932, Henry Ford ya fito da motar da ta kawo inji mai fulogi takwas hannun mai ƙaramin ƙarfi. Kafin nan irin wannan inji sai a motocin masu hannu da shuni, irin su Cadillac. Girmansa lita 3.6, ƙarfinsa na doki 65. Yau ƙaramar mota ma ta fi haka, amma a lokacin abin a zo a gani ne. Sai dai motar ta zo a mugun lokaci. Tattalin arzikin Amurka ya durƙushe tun 1929, kusan mutum ɗaya cikin huɗu na majiya ƙarfi ba shi da aikin yi. Kamfanin da ya ƙera motoci kimanin miliyan ɗaya da rabi a 1929, a wannan shekara da kaɗan ya haura dubu 250.

A jerin farashi, rodsta ce a can ƙasa. Mai fulogi takwas dala 460 ce, wadda aka ɗan ƙawata kuma dala 500. Kabriyole dala 610, kusa da ƙolin jerin. Ratar dala 150 ke nan tsakaninta da rodsta mai fulogi takwas mafi araha, wajen kashi ɗaya cikin uku na kuɗin motar, a shekarar da mutane ke bin layin karɓar abinci. Saboda haka rodsta ta tafi hannun samari da masu lissafin kowane sisi, kabriyole kuma ta tafi gidan likita da lauya, masu son shan iska ranar hutu amma ba su yarda ruwa ya taɓa su ranar aiki ba.

Yawancin mutane ko ɗaya ba su saya ba. Salun mai ƙofa biyu da rufin ƙarfe suka ɗauka, an ƙera irinta fiye da dubu 100, don ita ke kwashe iyali duka. Rodsta kimanin dubu 12 aka yi a shekarar, kabriyole kuwa tsakanin dubu 6 da dubu 7, wato wajen rabi. A kan motar da ta gabace su, Model A, wadda aka yi daga ƙarshen 1927 zuwa 1931, ratar ta fi haka nesa: rodsta sun haura dubu 400, kabriyole ba su kai dubu 70 ba.

## Lissafin ya juya

Nan ne masu cewa kabriyole ta fi ƙaranci suke tsayawa, kuma da sun ƙara taku ɗaya da sun ga abin ya kife. Daga 1933 masu saye suka juya wa labule baya. A 1934 Ford ya sayar da kabriyole fiye da dubu 14, rodsta kuwa wajen dubu 5. A 1936 rodsta ba ta kai dubu 4 ba. A 1937 guda 1,250 kacal aka yi, daga nan kamfanin ya daina yin ta a Amurka. Wanda ya ɗanɗani murɗa gilas ya rufe ba ya komawa maƙala labule cikin ruwa.

To ga abin mamaki. A kan motocin 1932, rodsta ta ninka kabriyole yawa, kuma ita ce mai tsada. A kan na 1934 da 1936, kabriyole ta ninka rodsta kusan sau uku ko fiye, nan ma rodsta ce abar nema. Duk ta inda aka juya lissafin, a wuri ɗaya yake faɗuwa. Akwai ma wata Ford ta 1932 mai kujeru gaba da baya da rufin tamfol, ana kiranta B-400, wadda kimanin dubu ɗaya kawai aka yi. Ta fi su duka wuyar samu, amma ba a taɓa naɗa ta sarauniyar hotrod ba. Ashe ba a littafin masana'anta za mu sami amsa ba, sai mun fita gari.

## Faƙon Muroc

Arewa da Los Angeles, tafiyar kimanin kilomita 160, cikin hamadar Mojave, akwai tafkuna da suka ƙafe tun zamanin da. Ƙasarsu ta bushe ta zama faƙo, shimfiɗe iyakar ganin ido, babu kwana, babu ɗan sanda. Wanda ya fi suna shi ne Muroc. Tun ƙarshen shekarun 1920 samarin birni suka gano wurin. Sukan taso da daddare, su kwana cikin sanyin hamada a gefen motocinsu, da asuba kafin iska ta tashi su fara gwada wanda ya fi gudu.

Motar da saurayi ya zo da ita, ita ce dai wadda zai tafi aiki da ita ranar Litinin. Ba shi da ta biyu. Saboda haka yana bukatar motar da za ta tuɓe ta kuma sake sa kaya. Da isarsa sai ya kwance madigadi huɗu, ya cire fitilu da bamba, ya sauke tamfol, ya kwance gilashin gaba ya jingine. Abin da ya rage inji ne da tayoyi da ɗan akwatin da zai zauna ya sunkuyar da kai. In an tashi da yamma ya mayar da komai, ya kama hanyar gida.

Mai kabriyole zai iya cire madigadi kamar kowa. Amma da ya zo kan gilashin gaba sai ya tsaya, don ginshiƙan nan biyu ba sa kwantuwa sai da zarto. Nauyin da ta fi rodsta da shi bai wuce na fasinja ɗaya ba, wannan da sauƙi. Matsalar iska ce. Idan gudu ya ninku, turjiyar iska sau huɗu take ninkuwa, kuma a gudun kilomita 160 allon gilas da ke tsaye a gaban direba yana cinye dawakai masu yawa daga injin da dama bai tara su ba. Ga kuma kuɗi: ko a kasuwar na-hannu, rodsta ce mai araha, domin iyalai ba sa sonta.

Abin ya yi kama da dokin sukuwa da dokin hawan salla. Na sukuwa ana rage masa kaya har sai ya saura sirdi marar nauyi da linzami, kuma a filin sukuwa wannan tsiraicin shi ne kyansa. Na hawa an lulluɓe shi da jalala da kayan ado masu tsada, mai shi ya fi kashe kuɗi, zamansa a kai ya fi daɗi, amma ba a kai shi bakin layi. Masu hotrod 'yan filin sukuwa ne, da idon filin suka koyi ganin kyau.

Ga misali guda. Vic Edelbrock makanike ne a Los Angeles. A 1938 ya sayi rodsta 'yar 1932, ita ce motar zirga-zirgarsa, ita ce kuma wurin gwajin kayan injin da yake ƙerawa, musamman wani bututu da ya tsara don inji ya sha daga kafireta biyu. A ƙarshen 1941, 'yan makonni kafin Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, motar ta yi gudun mil 121 a sa'a a ɗaya daga cikin ƙafaffun tafkunan, wato kusan kilomita 195. Irinta da ta fito daga masana'anta da ƙyar take wuce kilomita 120. Sunan Edelbrock har yau yana jikin kayan inji a Amurka, kuma duk wanda ya bi salsalar kamfanin, a kan wannan rodsta zai tsaya.

## Al'ada ta zama doka

A ƙarshen 1937 kulob-kulob na masu tseren suka haɗu suka kafa ƙungiyar auna gudu ta kudancin Kalifoniya, wadda ake kira SCTA, ta shirya tserenta na farko a Muroc a 1938. Shekaru da dama ƙungiyar ba ta karɓar mota mai rufin ƙarfe. A ganin 'yan wancan zamani, duk abin da ba rodsta ba ne motar kai iyali kasuwa ce. Sojojin sama sun karɓe Muroc daga baya, shi ne sansanin Edwards na yanzu, tseren ya koma El Mirage, daga 1949 kuma aka ƙara da filin gishirin Bonneville a jihar Utah. Wuri ya sauya, ra'ayin bai sauya ba.

Bayan yaƙi samari suka dawo daga soja da kuɗin sallama da sanin aikin inji. Da yawansu sun ratsa ta Kalifoniya a hanyarsu ta zuwa fagen daga, sun ga motocin, sun kai labari garuruwansu. A watan Janairun 1948 Robert Petersen ya fito da mujallar Hot Rod, kuma rodsta ce a bangon fitowarta ta farko. A watan Oktoban shekarar jar rodsta ta Bob McGee ta hau bangon, motar da a 2017 aka shigar da ita kundin motocin tarihi na Amurka. Yaron da ke zaune a jihar da ƙanƙara ke rufe hanya wata uku, wanda hankali zai ce gilas yake bukata, hoton rodsta ya yanka ya liƙa a ɗakinsa.

A 1950 aka fara baje kolin rodsta a birnin Oakland, aka sa kofi mai tsawon ƙafa tara ga rodstar da ta fi kyau a Amurka. Bill NieKamp ne ya fara ɗaukarsa da Model A 'yar 1929. Bajekolin ya koma Pomona, ana yin sa har yau, kuma sharaɗin kofin yana nan: motar da gilashin ƙofarta ke hawa da sauka ba ta shiga. Komai kyan kabriyole, komai shekarun da aka ɓata a kanta, daga bakin ƙofa za ta yi kallo. A 1997 kuma, da gasar tsofaffin motocin alfarma ta Pebble Beach ta yarda ta buɗe wa hotrod aji, rodsta ta Doane Spencer ce ta zo ta ɗaya.

Mai kuɗin da ke ɗaga hannu a gwanjo yau wannan tarihi yake saye. A 2012 an sayar da rodsta 'yar 1932 ta Tom McMullen, baƙa mai zanen harshen wuta, a kan dala dubu 700. Ƙarfen da ke jikinta bai fi na sauran 'yan uwanta dubu 12 ba. Bangon mujallu da ta hau shi aka biya.

## Ina kabriyolen suka shiga?

Wasunsu sun tafi wani gida daban. Tun kafin yaƙi akwai masu gyaran mota da ba ruwansu da agogon tsere, burinsu mota ta kwanta ƙasa, ta yi sumul, a bi titi a hankali ana kallonsu. A Los Angeles akwai shagon Amos Carson, inda a tsakiyar shekarun 1930 wani ma'aikacinsa, Glen Houser, ya ƙirƙiro wani rufi mai laushi, cushe da auduga, gajere, wanda ba ya naɗewa, sai dai mutum biyu su ɗauke shi gaba ɗaya su ajiye. Rufin Carson ya fi zama da kyau a kan motar da ke da ginshiƙai tsayayyu da gilashin ƙofa. Shi ya sa kabriyolen 1935 da 1936, da magadansu na 1939 da 1940, suka yi suna a hannun waɗannan mutane. A can an daraja su, sai dai can ɗin ba gidan hotrod ba ne.

Wasu kuma yanka su aka yi. Saurayin da bai samu rodsta ba, ya samu kabriyole da araha, sai ya sa zarto ya datse ginshiƙan, ya zare gilasan ƙofa, ya kai wa mai walda ya toshe ramin, ya ɗora gilashin rodsta a gaba. An yi wa masu rufin ƙarfe ma haka. Daga nesa ta wuce a matsayin rodsta, wanda ya san mota kuwa da ya dubi kaurin ƙofa zai gane. Kowace irin wannan tiyata kabriyole ɗaya ce ta ragu a duniya.

Saura kuma ruwa ya ci su. Ramin da gilas ke shiga hanya ce ta ruwa zuwa cikin ƙofa, in magudanar ƙasa ta toshe sai tsatsa ta fara ci daga ciki. Da tamfol ya yage, katakon da ke cikin bodi ya jiƙe ya ruɓe, ƙofofi su saki. Ga shi kuma wanda ya biya kuɗin gilas galibi mazaunin wuri ne mai sanyi da damshi, inda ake zuba gishiri a kan titi don narkar da ƙanƙara, gishiri kuwa ba ya barin ƙarfe. Da aka shiga yaƙi aka bi gari-gari ana tara tsohon ƙarfe don ƙera makamai, tsohuwar motar da ba mai nema ita ce ta fara tafiya. Rodsta tana da samari masu ciro ta daga makabartar motoci. Kabriyole ba ta da mai kuka a kanta.

## Wahalar sara

Akwai kuma dalili na cikin gareji. Kusan duk hotrod ana rage mata tsayin gilashi, domin gajeren goshi shi ke ba ta wannan kallon na mai shirin faɗa. A kan rodsta aikin yini ɗaya ne: a yanke inci biyu daga sandunan, a yanko sabon gilas, a ɗaura. In mutum ya ga dama ma ya sauya fasalin gaba ɗaya, kamar yadda Doane Spencer ya sa gilashi mai fuska biyu irin wanda George DuVall ya tsara.

A kan kabriyole kuwa, taɓa ɗaya taɓa duka ne. In an sare ginshiƙai, dole a rage gilasan ƙofa, a rage firam ɗin da ke riƙe da su, sannan a zauna da ƙarafan da ke naɗe rufin, waɗanda kowanne yana da tsawonsa da inda yake lanƙwasa. Kuskuren rabin inci ya isa ya sa rufi ya ƙi kwanciya, ko ya kwanta ya ƙi tashi, ko gilas ya hau ya bar kafar da iska za ta riƙa yi wa mutum fito a kunne. Masu iya wannan aiki ba su da yawa, kuma ba su da araha. Da yawa sukan bar ta yadda take, sai ta fito da dogon goshi a tsakanin 'yan uwanta masu runtse ido, a ce ba ta da kyau. A ganina rabin wannan hukunci rashin adalci ne. 'Yar 1932 da ba a sare ba, gaskiya, tana da ɗan tsayi. Amma 'yar 1933 ko 1934, da gilashinta mai jingina baya da ƙofofinta masu buɗewa ta gaba, in aka sauke ta ƙasa aka ɗaga rufin, ban san wata Ford ta zamanin da ta fi ta tsari ba. Rodsta in ta ɗaga tamfol ta rufe labule kyanta ya tafi.

Kayan gyara ma haka. Maƙallan gilas, makullin ƙofa, ƙarafan rufi, duk na kabriyole nata ne ita kaɗai, na wata ba ya shiga. Mai neman guda ɗaya yakan yi shekaru yana zagaya kasuwannin tsofaffin kaya, irin wadda ake ci kowace Oktoba a Hershey ta jihar Pennsylvania. Sannan akwai masu mayar da tsohuwar mota yadda ta fito daga masana'anta, waɗanda ke da ƙungiyoyinsu, kamar kulob ɗin tsofaffin Ford masu fulogi takwas da aka kafa a 1963. In lafiyayyar kabriyole ta ɓullo daga wani rumbu, su ne kan gaba wajen saye, kuma wanda ya sa mata zarto ya shirya shan harara.

## Sabuwar tsohuwa

Da masu son rodsta suka fi rodsta yawa, sai 'yan kasuwa suka shigo. Aka fara zuba bodi da faiba, kamfanin Wescott na jihar Oregon yana cikin waɗanda suka yi fice. Daga baya kamfanin Brookville Roadster na jihar Ohio ya shiga buga bodin da ƙarfe, falle-falle, daidai da na asali har ana iya musanya ƙofa. Yau mutum zai iya haɗa rodsta 'yar 1932 daga shasi har lagireto ba tare da ko noti ɗaya da ya fito daga masana'antar Ford ba. Masu harkar suna da wata magana da suke yi cikin raha, cewa rodsta 'yan 1932 da ke yawo yanzu sun fi waɗanda Henry Ford ya ƙera yawa.

Sauƙin da ya sa samarin Muroc suka so ta, shi ya sa masu kwafi suka so ta: ƙofa ba inji a ciki, gilas na ɗorawa. Kabriyole tana da sassa masu motsi da yawa, masu nemanta kaɗan ne, kuɗin yin ma'aunin buga ta ba zai fita da sauƙi ba. Akwai na faiba nan da can, amma ba su kama ƙafar rodsta ba.

Sakamakon haka, wanda ya je babban taron hotrod zai wuce layi bayan layi na rodsta, ja da baƙa da ruwan ɗorawa, sai ya tambaya kafin ya san wacce ce ta gaske. In ya ci karo da kabriyole 'yar 1932, mai yiwuwa ne ƙwarai ƙarfen Ford ne na asali, kuma nan ne zai ga dattawan da suka san mota sun taru suna leƙen ƙofa. Rodsta ta asali mai takardun tarihi har yanzu ita ke ɗaukar kuɗi mafi yawa. Amma wadda ido ba ya yawan gani a filin ita ce ɗayar.

## Da furfura ta fito

Saurayin da ya liƙa hoton rodsta a ɗakinsa a shekarun 1950 da 1960 bai samu kuɗin sayenta ba sai da ya manyanta. Ya saya, ya ɗauki uwargida za su taro a wata jiha, tafiyar yini biyu. Rana ta gasa su, iska ta bushe musu ido, hadari ya riske su a inda babu gada balle rumfa. Tafiya ta gaba uwargida ta ce a sauka lafiya, ita tana gida.

Masu ƙera bodi sun ji wannan ƙorafi. A farkon shekarun 2000 aka fito da wani bodin ƙarfe mai suna Dearborn Deuce. Daga waje fasalin rodsta 'yar 1932 ne, amma an ƙara wa ƙofofin tsawo, an sa musu gilas mai hawa da lantarki, rufin kuma yana naɗewa ya ɓuya a bayan kujera. Wato mutane sun biya maƙudan kuɗi don a mayar musu da abubuwan nan da kakanninsu suka sa zarto suka cire, da sharaɗin kada a gani daga nesa. In da za a tambaye ni wacce zan ajiye don hawa, kabriyole zan ce ba tare da dogon tunani ba, in bar wa masu kofi kofinsu.

Sai dai ba kabriyole ce kaɗai aka tsayar a bakin ƙofa ba. Wadda SCTA ta kora da suna ita ce kufe, mai ƙofa biyu da rufin ƙarfe, kuma ita ba ta haƙura ba. A ƙarshen shekarun 1940 wata ƙungiyar tsere mai suna Russetta ta buɗe mata fili, 'yan uwa biyu, Bob da Dick Pierson, suka zo da wata 'yar 1934 da suka sare wa rufi har gilashin gabanta ya koma siririn tsaga, ta shiga wuce rodsta a kan faƙon da suke taƙama da shi. Yadda kufe, motar da aka raina, ta tashi daga nan har ta shiga waƙar ƙungiyar mawaƙa ta Beach Boys a 1963, ta kuma zama tauraruwar fim ɗin American Graffiti a 1973, shi za mu bi a babi na gaba.